Amsa ga yarona a kan faifan Brothers and Sisters

Ɗana, tambayar da ka yi mini ranar Talata, muna naɗe wayoyin makirfo bayan baƙi sun watse, ban amsa maka ita yadda ya kamata ba, domin ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce ka saurari faifai biyun nan na ƙungiyar Allman Brothers Band da na ba ka, wato At Fillmore East na 1971 da Brothers and Sisters na 1973, sai ka ji kamar ba mutane ɗaya ne suka yi su ba. Daga nan ka ce: "Maigida, idan ƙungiya ta zo mana bayan ta rasa babban makaɗinta, shin aikinmu ne mu nemo wanda zai kwaikwaye shi, mu kuma haɗa sautin yadda mai sauraro ba zai gane an yi rashi ba?" Amsata ita ce a'a, kuma faifai na biyun nan shi ne hujjata, saboda haka na ga ya fi kyau in rubuta maka dalilaina ka ajiye.

Sai ka fara sanin abin da aka rasa tukuna. An kafa ƙungiyar a 1969 a garin Jacksonville na jihar Fulorida, sannan suka tare a Macon ta jihar Jojiya, inda kamfanin Capricorn Records na Phil Walden yake. Su shida ne: Duane Allman da Dickey Betts a kan jita, ƙanin Duane mai suna Gregg yana waƙa yana kaɗa ogan (kayan kiɗa mai madannai irin na fiyano), Berry Oakley a kan bes (babbar jita mai kaurin murya), sai masu ganga biyu, Butch Trucks da Jaimoe. Kiɗansu gamin gambiza ne na bulus ɗin baƙaƙen fata na jihohin kudun Amurka, da kantiri na mutanen karkara, da sakin hannu irin na jaz, kuma shi ne ya zama tushen abin da ake kira rok na kudu. Ginshiƙin sautinsu jita biyu ne masu rera layi ɗaya tare, wannan a sama wancan a ƙasa, kamar mawaƙi da ɗan amshin da ya san inda ubangidansa yake jan numfashi. Duane kuma yana da nasa na daban. Yakan zura yatsa cikin wata 'yar kwalbar maganin mura ta gilashi, ya riƙa zamar da ita a kan tsirkiya maimakon ya danne, sai sautin ya riƙa sulalewa daga wannan murya zuwa waccan babu yankewa, kusan yadda goge yake kuka a hannun gwani. Idan ka sa abin sauraro a kunne ka ji faifan Fillmore, wanda Tom Dowd ya ɗauka a Niyok a watan Maris na 1971, za ka tarar kowace jita tana da gefenta, suna miƙa wa juna zance.

Ranar 29 ga Oktoba, 1971, Duane ya yi haɗarin babur a cikin Macon, ya mutu yana ɗan shekara 24, watanni kaɗan bayan faifan da ya fito da sunansu ya shiga kasuwa. Sauran biyar suka ƙarasa Eat a Peach, wanda ya fito a Fabrairun 1972, wani sashe da hannun Duane a ciki, wani sashe babu, suka kuma ci gaba da yawon wasa su biyar.

To, a nan ne darasin yake. Amurka ba ta rasa gwanayen jita ba a 1972, kuma da sun yi shela, da samari masu iya kwafe hannun Duane sun yi layi a ƙofar situdiyo. Ba su yi shelar ba. Wanda suka ɗauka wani saurayi ne ɗan shekara 20 mai suna Chuck Leavell, kuma fiyano yake kaɗawa, ba jita ba. Yana Macon yana aiki a kan faifan da Gregg yake yi shi kaɗai, aka riƙa zama da shi ana kiɗa bayan an tashi daga aiki, har kunnuwansu suka gaya masu cewa wannan yaron ya shige cikinsu. Da shi suka shiga situdiyon Capricorn a ƙarshen 1972, Johnny Sandlin yana kan na'ura.

Ina so ka dubi wannan zaɓin da idon mai haɗa sauti. Jitar kwalba sauti ne mai tsawo, tana riƙe murya guda tana ja tana lanƙwasawa, kuma mazauninta a tsakiyar sauti zuwa sama ne, daidai inda muryar ɗan Adam take zama. Fiyano kuwa bugu ne, da ka danna sai sautin ya fara mutuwa, ba ta iya lanƙwasa murya ko kaɗan, sannan faɗinta ya kama tun daga ƙasa inda bes yake har can ƙololuwa. Saboda haka fiyano ba za ta taɓa zama a kujerar Duane ba, ko da mai haɗa sauti ya kwana yana murɗa maɓallai. Abin da ta yi shi ne ta tilasta wa kowa ya gyara zama. Hannun hagun mai fiyano yana iya cin karo da bes, hannun damansa yana iya cin karo da ogan ɗin Gregg, sai dole kowannensu ya rage nasa ya bar wa ɗan'uwansa hanya. Ka saurari "Jessica", kiɗan nan mai minti bakwai da ɗoriya wanda babu waƙa a cikinsa, da Betts ya tsara ya sa masa sunan 'yarsa. Jita ɗaya ce take jan layin, fiyano da ogan suna rufa mata baya a gurbin da jita ta biyu take tsayawa a da, sannan a tsakiya a sakar wa Leavell fili ya yi gudunsa. Ba ka jin ana ƙoƙarin ɓoye maka komai, ana dai gina sabon ɗaki ne a kan filin da tsohon ya bari.

Suna tsakiyar wannan aikin wani rashin ya sake faɗo masu. Ranar 11 ga Nuwamba, 1972, Berry Oakley ya yi karo da motar bas a kan babur, 'yan layuka kaɗan daga inda Duane ya faɗi, shi ma yana ɗan shekara 24, kuma yanzu haka kaburburansu suna gefen juna a maƙabartar Rose Hill ta Macon. Waƙa biyu kawai ya samu ya kaɗa a faifan, "Wasted Words" da "Ramblin' Man". Lamar Williams, abokin Jaimoe tun daga Misisifi, shi ya ƙarasa sauran biyar ɗin. Ka jera su ka ji bambancin da kunnenka. Oakley yana yawo da bes kamar jita ta uku, yana kutsawa cikin layin waƙar, Williams kuwa ya fi zama a ƙasa ya riƙe gindin kiɗan, wanda hakan ya ba masu ganga biyun sarari. Ba a ce masa ya koma Oakley ba, kuma Sandlin bai yi dabarar da zai sa sautin mutum biyun ya zama ɗaya ba.

Ba zan ɓoye maka ba, an yi asara a faifan nan, kuma kunnenka bai yaudare ka ba. Duhun bulus da zafin nan na Fillmore sun ragu, kiɗan ya yi haske ya karkata wajen kantiri, domin jagorancin ya koma hannun Betts, wanda ya rubuta huɗu daga cikin waƙoƙi bakwai. Ni kaina har gobe idan ina son abin da zai taɓa mini zuciya, Fillmore nake ɗauka. Faifan ya fito a Agustan 1973, ya yi mako biyar a matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin faifai na mujallar Billboard, "Ramblin' Man" kuma ta kai na biyu, amma kada ka ɗauki ciniki a matsayin shaidar inganci, tunda ƙungiyar ta watse a 1976 duk da wannan kasuwa. Abin da nake girmamawa shi ne faifan ya faɗi gaskiya game da mutanen da suka rage a raye. Sai a 1989, da ƙungiyar ta sake haɗuwa, Warren Haynes ya shigo da jitar kwalba a matsayin cikakken ɗan ƙungiya, Derek Trucks kuma ya biyo baya a 1999, kuma dukansu biyu sun zo da hannunsu na kansu.

Akwai wata hanyar da wasu suka bi, bai kamata in ƙi ambata maka ba. Ƙungiyar Lynyrd Skynyrd ta rasa mawaƙinta Ronnie Van Zant da mai jita Steve Gaines da 'yar'uwarsa Cassie a haɗarin jirgin sama kusa da Gillsburg ta Misisifi ranar 20 ga Oktoba, 1977. Bayan shekara goma suka dawo da ƙanin Ronnie, wato Johnny, a gaban makirfo, suka kuma fitar da sabon faifai a 1991 tare da Tom Dowd. Kamannin muryar a nan na jini ne, ba wanda ya ƙirƙiro shi a kan na'ura, don haka ban ga laifinsu ba. Sai dai a nawa kunnen, murya aka gada, amma idon da Ronnie yake kallon rayuwa da shi ya rubuta waƙa, wannan ya tafi da abinsa.

Na dage a kan wannan magana ne saboda na taɓa yin kuskuren da kake tambaya a kai. Shekarun baya wasu makaɗan kalangu da 'yan amshi suka zo mini bayan ubangidansu ya rasu, Allah ya jiƙansa, tare da wani matashi daga cikinsu da zai ja waƙar. Na sa shi ya ɗaga murya zuwa inda marigayin yake rerawa, alhali tasa ta fi zama a ƙasa, na rage mata kauri a kan na'ura, na ƙara amsa-kuwwa har ta yi kama da tsofaffin kaset ɗinsu. Da na kunna masu, babu wanda ya ce uffan. Dattijon cikinsu ya kwantar da kalangunsa a kan cinya, ya ɗora tafin hannu a kan fatar, ya sunkuyar da kai har waƙar ta ƙare, sannan ya ce mini a hankali wannan ba muryar maigidansu ba ce, kuma ba ta yaron ba ce. Washegari muka sauke waƙar zuwa inda maƙogwaron yaron yake hutawa, masu kalangu suka sassauta, 'yan amshi suka ƙara tsawon amshinsu domin su tallafe shi, muka sake ɗauka tun daga farko.

Saboda haka idan irin wannan ƙungiya ta zo maka, kada ka taɓa maɓalli ko ɗaya sai ka sa sun kaɗa tsohuwar waƙarsu yadda suka saba, gurbin mamacin yana nan a buɗe, kai kuma ka zauna ka saurara. Ka lura da wanda hannunsa yake miƙewa da kansa zuwa wajen gurbin, da wanda yake ja da baya, domin a nan za ka gane wanda zai ja ragamar sabon sautin. Ka tambaye su waƙoƙin da suka yi bayan rasuwar, ka fara ɗaukar waɗannan kafin tsofaffin. Idan sun zo da sabon mutum, ka sa masa makirfon da ya dace da shi, kada ka ɗauko wanda marigayin yake amfani da shi don kawai an saba. Kuma ka yi haƙuri da su, domin mai makoki yakan tsaya a tsakiyar ɗauka ba tare da dalilin da za ka gani ba, kuma ba aikinka ne ka duba agogo a lokacin ba.

Ranar Asabar ka zo da wuri kafin a kawo wuta a cika mana ɗaki. Za mu buɗe aikin da muka ɗauka makon jiya a kan kwamfuta, in kashe layin babbar jitar gaba ɗaya, kai kuma ka haɗa mini sauran kayan kiɗan yadda waƙar za ta tsaya da ƙafarta ba tare da ka ƙara ko da sauti ɗaya daga waje ba. Kafin nan ka sake jin "Jessica" sau uku: na farko ka bi fiyano kaɗai, na biyu ka bi bes ɗin Williams, na uku ka rubuta mini a takarda duk wurin da ka ji an bar sarari ba a cike ba.