Tambaya da Amsa: Wai me fararen dish ɗin nan na jikin ƙarfen sabis suke yi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon tambayoyi uku ne suka shigo kusan a kan abu ɗaya, shi ya sa na haɗa su waje guda.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi: Malam barka da aiki, don Allah a raba mana gardama. A jikin ƙarfen sabis akwai wasu dogayen abubuwa a tsaye can sama, sai kuma wasu farare masu zagaye, wani babba wani ƙarami, kowanne ya kalli gefensa. Abokina ya ce su ne suke kamo sabis daga tauraron ɗan adam, ni kuma na ce ai da haka ne da sama za su kalla. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ɗan'uwa kai ka fi gaskiya, kuma hujjar da ka kawo ita ce hujjar. Dish ɗin da ke magana da tauraron ɗan adam sai ya ɗaga kai, saboda irin taurarin da ake kafa wa dish suna can nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Waɗannan da ka gani kuwa a miƙe suke kallo, kuma da za ka bi saitin ɗaya ka yi ta tafiya wallahi sai ka tarar da wani ƙarfen da ɗan'uwansa a jiki ya juyo yana kallonsa. Junansu kawai suke yi wa magana. Wayarka ba ruwanta da su, dogayen nan na sama su ne ke magana da waya, su tattaro kira da data na duk mutanen da ke kewaye, toh daga nan dole kayan su wuce gaba zuwa cibiyar kamfani, in akwai wayar faiba a ƙasa, wato siririyar wayar gilashi da ke ɗaukar saƙo da haske, sai a bi ta nan, in babu sai dish ɗin ya harba wa ƙarfe na gaba, shi ma ya miƙa wa na gaba, a haka har a isa inda faiba take.

Abin da suke harbawa shi ake cewa maikirowef, kuma igiyar rediyo ce dai irin wadda kowa ya sani, irin wadda Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwarta a Jamus tsakanin 1887 da 1888 bayan James Clerk Maxwell ya riga ya hango ta da lissafi. Gudunsu duka ɗaya ne, kusan kilomita 300,000 a sakan. Bambancin yana wajen yawan kaɗawa, igiyar da ta fi saurin kaɗawa ita ta fi gajarta. Tashar FM da ke kusa da megahaz 100 (megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ne a sakan) tsawon igiyarta wajen mita 3 ne, amma a gigahaz 10 (gigahaz ɗaya megahaz dubu ne) santimita 3 ne kacal, kaga kenan dish mai faɗin mita ɗaya ya ninka igiyar sau talatin da wani abu, kuma a nan sirrin yake, domin eriya ba ta iya tattara igiya ta harba ta waje ɗaya sai in ta fi igiyar girma sosai. Eriyar gidan rediyo kamar ƙwan fitila take, haskenta ya bazu ko'ina, shi kuma dish tocila ne, ɗan ƙarfin da ke gare shi ya tara shi a saiti ɗaya wanda faɗinsa bai wuce digiri 1 ko 2 ba. Farin murfin da kake gani kariya ce kawai daga ruwa da iska da tsuntsaye, a bayansa akwai faranti mai lanƙwasa da ɗan bakin da ke fitar da igiyar a tsakiya.

Sharaɗin shi ne dole su ga juna. Siginar rediyon gajeren zango yana iya hawa sama ya bugi wani ɓangare na sararin samaniya ya dawo ƙasa a wata nahiyar, maikirowef kuwa ratsawa yake ya wuce, kuma ba ya zagaye tsauni. Ga duniya ba a shimfiɗe take ba, a tazarar kilomita 50 tudun da lanƙwasarta ke yi a tsakiya ya haura mita 35, shi ya sa ake gina ƙarafan da tsawo ko a ɗora su kan tsauni. Kuma ganin juna kaɗai ma bai wadatar ba, wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba, igiyar tana buƙatar fili a kewayen layin, filin ya fi faɗi a tsakiyar hanya sai ya tsuke a bakin kowane dish, injiniyoyi suna kiransa yankin Fresnel. Misali a kilomita 10 da gigahaz 10 filin ya kusa mita 9 ta kowane gefe a tsakiya, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 ya zama babu komai a ciki. Sai kaga layin da ya yi shekaru lafiya ƙalau ya fara ciwo, a je a duba a tarar bishiya ce ta girma ko wani ya ƙara hawa ɗaya a bene.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne ranar saiti. Mutum ɗaya a saman wannan ƙarfen, ɗaya a wancan, kowa ya ɗaure da bel, na'urar auna sigina a hannu, ana juya noti kaɗan kaɗan ana kallon lamba tana hawa tana sauka. Akwai tarko a ciki, domin bayan babban saitin dish yana da wasu ƙananan saituna a gefe, mai gaggawa sai ya kama na gefen ya ga sigina ta shigo ya ɗaure noti ya sauko, layin zai yi aiki kam amma da rauni, ruwan farko zai tona asirinsa.

Tambaya ta biyu, daga wata 'yar'uwa: Malam me ya sa da an fara ruwa mai ƙarfi sai intanet ya yi ta jan ƙafa ko ya ɗauke gaba ɗaya, alhali wayata tana nuna sabis a cike?

Amsa: 'Yar'uwa tambayarki ta yi kyau sosai. Sandunan da ke kan wayarki labarin tsakaninki da ƙarfen kusa da ke kawai suke ba ki, kuma wannan ɓangaren ruwa bai cika damunsa ba tunda igiyarsa doguwa ce in aka kwatanta da ɗigon ruwa. Matsalar sau da yawa a bayan ƙarfen take. Daga gigahaz 10 zuwa sama igiyar ta gajarta har ta fara kusantar girman ɗigon ruwa, sai ɗigon ya shanye wani abu ya watsar da wani, in aka je su gigahaz 70 zuwa 80 abin ya fi muni, shi ya sa ba a ja musu hanya mai nisa, 'yan kilomitoci ne kawai duk da cewa su suka fi ɗaukar data. Masu nisa kuwa ana ba su gigahaz 6 zuwa 8 da manyan dish. Ba a samun duka biyu a lokaci ɗaya, ko dai nisa ko yawan kaya.

Na'urorin yanzu suna da dabara, da sun ji sigina ta yi ƙasa sai su rage yawan datar da suke cusawa don kar layin ya yanke, wannan shi ne jan ƙafar da kike gani, in hadarin ya wuce su koma yadda suke. Amma kar mu ɗora wa ruwa laifin komai, wani lokacin iska ce ta girgiza dish ɗin da ba a ɗaure da kyau ba, wani lokacin tsawa ce, wani lokacin kuma wutar ƙarfen ce ta ɗauke. Kuma gaskiya kamfanin da ya yi lissafin ruwan yankinsa tun farko ya bar rarar ƙarfi, ba kowane yayyafi ke kayar da layinsa ba, don haka in kullum abin haka yake kina da haƙƙin kai ƙorafi.

Tambaya ta uku, daga wani magidanci: Malam na ji ana kiran abin maikirowef, shin ba irin na na'urar ɗumama abinci ba ne? Ba zai cutar da iyalina ba tunda ƙarfen yana kusa da mu? Kuma tunda faiba ta zo me ya sa ba a cire su ba?

Amsa: Yallabai damuwarka a kan hanya take, kuma eh dangi ɗaya ne, na'urar ɗumamawa tana aiki a gigahaz 2.45, dab da inda Wi-Fi yake. Sai dai ita tana zuba wat 700 zuwa 1,000 a cikin rufaffen akwatin ƙarfe, dish ɗin kuwa yawanci ko wat 1 ba ya kaiwa, kuma can sama ya saita ba ƙasa ba. Wannan igiyar ba irin ta hoton ƙashi ba ce da ke iya lalata ƙwayar halitta, abin da aka tabbatar tana yi in ta yi yawa shi ne ɗumama jiki. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a samu gamsasshiyar hujja cewa raunanan siginar ƙarafan sabis na cutarwa ba. A 2011 kuma sashenta na binciken kansa ya sa igiyar rediyo a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo kansa, amma wannan ya fi dogara ne kan binciken wayar da ake mannawa a kunne. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne ma'aikacin da zai hau ya tsaya daidai gaban dish yana kunne.

Batun cirewa kuma da sauran lokaci. Tun 1931 aka gwada irin wannan layin tsakanin Dover a Ingila da Calais a Faransa, a 1951 kamfanin wayar tarho na AT&T ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma da ƙarafa sama da 100, daga baya faiba ta karɓe manyan hanyoyin saboda ta fi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. Amma faiba sai an haƙa ƙasa, ga tsauni ga kogi ga masu aikin titi da ke tsinke ta, shi kuma dish a 'yan kwanaki an ɗaura an gama. Har ma ya fi ta sauri ta wani ɓangaren, domin haske a cikin faiba kilomita 200,000 yake yi a sakan, a iska kuwa kusan 300,000, shi ya sa masu hada-hadar hannun jari tsakanin Shikago da New York suka kafa nasu layin na maikirowef don su riga abokan gasa da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba.