Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Teku Ke Cin Gaɓar Mashigin Gini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan jin ana ambaton Mashigin Tekun Gini a labarai. Daga ina ya fara, a ina ya tsaya? Kuma me ya sa ruwa ke cinye gidaje a Lome da Kwatano da Legas? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Mashigi shi ne wurin da teku ya kutsa cikin ƙasa, ƙasar ta yi masa lanƙwasa. Na Gini ɓangare ne na Tekun Atilantika, ya taso daga Kef Palmas a Laberiya ya dire Kef Lofez a Gabon. Manyan kogunan da ke zuba a cikinsa su ne Neja, mai tsawon kusan kilomita 4,180, da Bolta ta Gana.

Batun cin gaɓar kuwa, maganar yashi ce. Igiyar ruwa tana tasowa daga kudu maso yamma, don haka a karkace take dukan gaɓa. Ta tura yashi sama a kaikaice, in za ta koma ta ja shi ƙasa a miƙe. Da haka yashin ke rarrafawa daga yamma zuwa gabas, a wajen Lome ana ƙiyasta kusan kubik mita miliyan 1 a shekara. Muddin abin da ya tafi gabas wani na maye gurbinsa daga yamma, gaɓa tana nan daram.

Matsalar tana farawa ne idan aka tare hanyar. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta riƙe yashin da Bolta ke kaiwa teku, garin Keta da ke gabas da bakin kogin ya ɗanɗana kuɗarsa. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, katangar duwatsunta ta tare yashi: yammacinta ƙasa ta ƙaru, gabashinta ruwa ya cinye hanyar mota da gidaje. Haka ta faru a Kwatano. A Legas ma, katangun da aka gina a bakin tashar tsakanin 1908 da 1912 su suka jawo zaizayar gaɓar da ake kira Bar Beach. Sai kuma masu ɗiban yashin gini da tifa, waɗanda ke ƙara wa ciwon gishiri.

Maganin da aka fi yi shi ne jera duwatsu daga gaɓa zuwa cikin ruwa don su kama yashi. Yana ceton wurin da aka yi shi, amma maƙwabcin da ke gabas shi zai rasa yashin. In ba a haɗa da zuba sabon yashi ba, matsalar kawai aka matsar gaba.

Tambaya: Malam, an ce Akara ba ta cika samun ruwan sama ba alhali a bakin teku take. Yaya haka? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne 'yata, ruwan Akara na shekara bai cika wuce milimita 800 ba. Gaɓar wurin ta kwanta ne a layi ɗaya da iskar damina, iskar sai ta bi gefe ta wuce. Daga Yuli zuwa Satumba kuma ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku, ya sanyaya iska, hadari ya kasa haɗuwa. Shi ya sa kurmi ya yanke daga gabashin Gana zuwa Benin, sai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi. Masunta kam suna murna, don lokacin ne kifi ke yawa.

A can gabas, iskar tana karo da Dutsen Kamaru mai tsayin sama da mita 4,000, ta hau ta sauke laimarta. Ƙauyen Debunsha da ke gindinsa yana samun kusan milimita 10,000 a shekara.