Wane mazubin dalma ne mai araha da zan iya shiga daji da shi?

Tambaya: Malam, ina da bindigar ɗuri mai bakin .50, wato faɗin rabin inci, kuma nakan yi kwana huɗu ko biyar a daji. Ina neman ƙaramin mazubi mai sauƙin kuɗi da zan riƙa zuba ƙwayar dalma a can. Tsorona kada in sayi na araha ya riƙa ba ni ƙwaya karkatacciya. Sannan wani abokin farautata ya ce idan mazubi ya yi zafi in tsoma shi a ruwa in ci gaba da zubi. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka a kan maganar araha. Kamfanin Lee na Amurka yana yin mazubin alminiyam mai rami biyu da mariƙin katako. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, yana ɗaukar zafi da wuri ko a kan garwashi, kuma ƙwayarsa tana fita daidai. Aibinsa laushi ne, don haka da ɗan itace ake buga marfinsa (ɗan farantin sama mai yanke rarar dalma), ba da ƙarfe ba. Na baƙin ƙarfe irin na kamfanin Lyman ya fi ƙarko, amma ya fi tsada da nauyi, ga son tsatsa. Akwai kuma irin na dā mai kamar awartaki, rami ɗaya, wanda ke shiga aljihu. Ina son sa, sai dai mariƙinsa na ƙona hannu in ba ka naɗe shi da fata ba, kuma ba kowanne ne ke rufuwa ruf ba. Ɗaga shi ga haske kafin ka biya, in ka hango rana ta tsakani ajiye musu kayansu. Bakin .50 yawanci ƙwaya mai faɗin inci .490 yake ci tare da ƙyallen da ake naɗe ta da shi, nauyinta wajen giram 11.5. Ka nemi dalma zalla, wadda farce ke iya karta.

Yanzu maganar abokinka. Wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya zo mini da ita, kuma mai faɗinta yakan ƙara da cewa shekara goma yana yi bai ga komai ba. Wannan ba gwaninta ba ce, sa'a ce kawai yake ta ci.

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, ana zuba ta a wajen 370 zuwa 400. Ruwa kuwa a 100 yake tafasa, kuma idan ya koma tururi yakan kumbura kusan ninki 1,700. To ka tsoma mazubi, ka girgiza, ka ga kamar ya bushe. Ɗigo ɗaya ya maƙale a cikin ramin ko ƙarƙashin marfi. Kana zubawa dalma ta rufe shi, tururin ya rasa hanya sai ta bakin da ka zuba, kuma fuskarka tana daidai wurin domin ka sunkuya kana duba ko ya cika. Na taɓa ganin hular wani bayan irin haka: gabanta duk ɗige-ɗigen dalma sun manne kamar an watsa mata gero, girarsa guda ta ƙone. Saura ƙiris idon ya tafi, ga shi a daji, babu asibiti kusa.

Ba mazubin kaɗai ba. Ludayin da ya kwana a raɓa, gumin goshinka, yayyafi, guntun bututun dalma da ruwa ya ɓuya a cikinsa, duk abu ɗaya suke yi. Tarkacen dalma a tukunya mai sanyi ake sa shi ya ɗumama tare da ita, ba a jefa shi cikin narkakkiya. Ludayi da mazubi kuma a gasa su gefen wuta tukuna. Tsoma mazubi mai zafi a ruwan sanyi ma yana iya lanƙwasa shi, ka dawo kana zagin kamfani alhali kai ka ɓata.

In ƙwaya ta fara fitowa fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, zafi ya yi yawa: buɗe mazubin ka ajiye a kan busasshen dutse minti ɗaya ko biyu. In ta fito da tamoji, bai yi zafi ba, mayar da ita tukunya.

Masu cewa a fasa batirin mota a samu dalma kyauta, su ma ka rabu da su. Akwai asid a ciki, kuma dattin narkensa na iya fitar da iska mai guba idan ya haɗu da laima.

Don Allah ka sa tabarau da safar hannu ta fata, ka zauna iska na bayanka. Tukunyar dalma kada ta sake ganin abinci, kuma ka wanke hannu kafin ka ci wani abu, domin gubar dalma a jiki take taruwa, yara kuma ta fi illatawa. Ka kai wa abokin nan wannan amsar ya karanta kafin fitarku ta gaba.