Tambaya da Amsa: 14 ga Nuwamba ranar yara ce ko ranar ciwon suga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni direba ne a gidan wasu Indiyawa a Ilupeju nan Legas. Ranar 14 ga Nuwamba na kai yaran oga makaranta duk sun ci kwalliya wai ranar yara ce, a hanyar dawowa kuma na maƙale a gosulo sai naji a rediyo ana cewa yau ranar ciwon suga ce ta duniya. Mu dai 27 ga Mayu muka sani. Wacce ce gaskiya, kuma da gangan aka haɗa su? Daga wani mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, duka biyun gaskiya ne, kuma ba wanda ya zauna ya haɗa su, dacewa ce kawai, kwana 365 ne a shekara abubuwan tunawa kuwa sun fi haka yawa, dole wasu su hau kan wasu.

Ta Indiya ranar haihuwar firaministansu na farko ce, Jawaharlal Nehru, an haife shi 14 ga Nuwamba 1889, ya riƙe ƙasar tun samun 'yancinsu a 1947, kuma an san shi da son yara shi yasa suka mayar da ranar ta yara. Mutumin ma ya taɓa zuwa nan Legas a 1962 zamanin Tafawa Ɓalewa. Wani abin da zaka iya faɗa wa oga gobe da safe, Nehru ya rasu ne 27 ga Mayu 1964, wato ranar da yaranmu suke fareti a Najeriya ita ce ranar rasuwarsa, wannan ma dacewa ce.

Ta ciwon suga kuma ranar haihuwar wani likita ne ɗan Kanada, Frederick Banting, 14 ga Nuwamba 1891, shi da Charles Best ne suka gano insulin, sinadarin da ake yi wa masu ciwon allurarsa don rage suga a jini, a Toronto a 1921, kafin nan yaron da ya kamu da nau'in farko na ciwon baya daɗewa a duniya. Hukumar lafiya ta duniya da ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya suka ware ranar a 1991, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2006.

Amma akwai waɗanda da gangan aka haɗa. Washegarin hutunmu na 1 ga Oktoba zaka ga Indiyawa suna nasu bikin, 2 ga Oktoba ranar haihuwar Gandhi ce, jagoran gwagwarmayar 'yancinsu ba tare da tashin hankali ba, a 1869, kuma saboda shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ranar a 2007 a matsayin ranar ƙin tashin hankali ta duniya. Haka 30 ga Janairu da aka harbe shi a 1948, a Indiya ranar yaƙi da kuturta ce don ya yi wa kutare hidima da hannunsa. Akwai kuma dacewa mai ɗaci, 3 ga Disamba ranar masu buƙata ta musamman ce ta duniya, kuma a daren 2 wayewar 3 ga Disamba 1984 ne iskar guba ta ɓalle daga masana'antar maganin ƙwari a birnin Bhopal na Indiya ta kashe dubban mutane suna barci, wasu da dama ta bar su da lalurar ido da huhu.

To amma ni wallahi a cikin tambayarka abinda yafi damuna shine wanda kaji a rediyon nan, domin aikinka irin wanda ciwon suga yake so ne, kana zaune a mota tun asuba har dare, karin kumallo shayi mai kauri da madara da suga cokali uku da burodin Agege, in rana ta take a gosulo a miƙo maka lemo mai sanyi ta taga ka shanye ka ƙara, ba tafiya ba gumi, kuma haka da yawan 'yan'uwanmu suke daga Mile 12 har Idi-Araba, sai ƙafa ta yi gyambo an sha maganin gargajiya an gaji sannan a tafi asibiti.

Ka lura da yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwar da bata yankewa, rama ba dalili, gani dishi-dishi, ko rauni ya ƙi warkewa. Ko baka ga ko ɗaya ba kaje a gwada, domin yana iya shekaru a jiki shiru, balle in akwai mai shi a danginku. Gwajin ba wuya, ɗan tsira yatsa ne a ɗiga jini a na'ura, manyan kemis da asibitin unguwa suna yi, kaje da safe kafin ka ci komai. In lambar ta kai 126 ko sama kar ka tsaya sayen magani da kanka, ka wuce wajen likita a sake gwadawa, kuma dan Allah kar ka jira sai Nuwamba ta zagayo, ka nemi izinin oga kaje satin nan.