Amsa ga mai son ƙera bindiga a gida

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi injin sassaƙa ƙarfe kana wasa da shi a gida nan Kaduna, har kana sha'awar ƙera bindiga mai cin harsashi ɗaya don gwada hannunka. Don Allah ka ajiye wannan tunanin.

Waɗanda kake gani a YouTube yawancinsu a Amurka suke, inda dokar tarayya ta bar mutum ya ƙera wa kansa. Mu nan Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙerawa ko harhaɗa bindiga sai a wuraren da gwamnati ta amince, irin DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da ke Kakuri, wadda aka kafa a 1964. Hukuncin ɗauri ne mai tsawo. Kuma yadda 'yan bindiga suka addabi hanyar Birnin Gwari, in aka sami bututun bindiga a ɗakinka, wa zai tsaya ya ji cewa sha'awa ce kawai?

Ga kuma haɗarin kanka. Ƙarfen bututun bindiga na musamman ne, ana gwada shi da matsin da ya wuce na harbi kafin a sake shi. Na san wani maharbi da bindigarsa ƙirar gida ta dare masa a hannu, yatsu uku suka tafi, yanzu ko alwala sai da dabara.

In gwaninta kake nema, ƙera ƙaramin injin tururi. Yi fistin ɗin ya shige silinda tsaf ba girgiza, za ka sha aiki. Leƙa kasuwar Panteka, akwai tagulla da guntayen ƙarfe, kuma tsofaffin maƙeran can ba sa rowar nuna hanya.