Mustang Ɗina Ta Ci Mil 180,000: Ina Zan Zuba Dala 2,500 Ta Ƙara Zafin Nama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka. Bara na sayi Ford Mustang GT ƙirar 2000 mai giyar hannu, ta ci mil 180,000. Tana tashi lafiya, ba ta hayaƙi, amma ba ta da kuzarin da na yi zato. Ranar nan wata Camry ta bar ni a danja ina kallo. Na tara dala 2,500. Wasu abokaina sun ce in nemi sufacaja, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, na hannu in ɗaura, wasu sun ce in cire indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin bututun salansa, in sa salansa mai ƙara. Me ka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da Camry ɗin, don na ga ita ta fi tsaya maka a rai. Ba laifin motarka ba ne. Ranar da Mustang GT ta 2000 ta fito daga masana'antar Dearborn, injinta mai silinda takwas, lita 4.6, ƙarfin doki 260 yake bayarwa. Camry mai silinda shida daga ƙirar 2018 zuwa 2024 kuwa 301 gare ta, ga giya takwas da kwamfuta ke canzawa cikin ƙiftawar ido. Ko motarka tana sabuwa dal sai ta yi da gaske. Saboda haka ka cire wannan gasar daga lissafi. Abin da dala 2,500 za ta iya yi shi ne ta mayar maka da motar da in ka taka totur za ka ji ta manna ka da kujera, kuma gobe ka tashe ta ka tafi aiki. Mafi yawan kuɗin nan ba cikin inji za su shiga ba.

Injin da ke gabanka ba rago ba ne wajen juriya. Danginsa ne aka sa wa Crown Victoria, motar da 'yan sandan Amurka da direbobin tasi na New York suka shekara da shekaru suna gurza, wasu har su haura mil 300,000 ba a buɗe inji ba. Mil 180,000, wato kusan kilomita 290,000, ba ƙarshen rayuwarsa ba ne in an riƙa canza masa baƙin mai a kan kari. Amma "in" ɗin nan ita ce magana, kai kuma ba ka san yadda mai ita na farko ya riƙe ta ba. Don haka kuɗin farko na gwaji ne. A auna kwamfureshan, wato ƙarfin matse iska, na kowace silinda, takwas ɗin duka, inji na da ɗumi. Ba lambar kanta ce ta fi muhimmanci ba, daidaito ne: in wata ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a yi gwajin hura iska a ji inda take zurarewa, ta ringi ne ko ta bawul. Sannan a ɗaura agogon auna ƙarfin baƙin mai na gaske. Allurar da ke dashbod ɗinka yaudara ce: makunni ne kawai, muddin akwai ɗan matsi za ta tsaya a tsakiya tana nuna lafiya, ko da famfon ya gaji. Ka kuma saurari injin da sanyin safiya. In ka ji karaf-karaf daga gaba na 'yan daƙiƙu, sarƙar taimin ce ke gogar robobin da ke riƙe ta, kuma wannan aikin shi zai fara cin kuɗin kafin komai.

Akwai cututtuka biyu da aka san wannan ƙirar da su. Na farko manifol ɗin shigar iska. Daga 1996 zuwa cikin 2001 na roba zalla aka yi shi, har da hanyar ruwan da ke ratsa gabansa kusa da tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. Zafi da shekaru sukan tsaga wurin, ruwan lagireto ya tsiyaye, inji ya yi obahitin kana kan babbar hanya. Daga baya Ford ta mayar da wannan sashen na alminiyam. Buɗe bonet ka duba: in ka ga ƙarfe, an riga an canza, ka gode Allah, in baƙar roba ce, kada ka jira ta fashe, a zafin Houston ba za ta ba ka sanarwa ba. Na biyu fulogi. Ramin fulogi a tof silinda na waɗannan shekarun zarensa kaɗan ne, kusan huɗu, cikin alminiyam mai laushi. In an ɗaure da ƙarfin tsiya ko an bar shi sako-sako, wata rana sai ya tsinke ya harbo fulogin waje, ya fasa kwayil ɗin da ke kansa. A kwance su inji na sanyi, a fara ɗaurawa da hannu, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. In wani rami ya riga ya lalace, akwai zoben ƙarfe irin na Time-Sert da ake dasawa ba sai an sauke tof ba.

Daga nan sai sabis na gaske: fulogi, robobin kwayil, filtar mai, filtar iska, wanke sansan da ke auna iskar da inji ke shaƙa, canza sansan iskar oksijin na gaba in tun na kamfani ne, sabon ruwan lagireto, man giya. Babu abin burgewa a nan, ba wanda zai tsaya ya ɗauki hoto. Amma mota mai irin wannan maleji sau da yawa ta zubar da dawakai a hanya, kuma dawo da su ya fi sayen sababbi araha nesa ba kusa ba. Sai dai roƙo ɗaya: kada ka ɗauko al'adar wasu garejinmu na gida ta cire tamostat wai don ƙasa na da zafi. Kwamfutar motar tana jiran inji ya kai zafinsa kafin ta daidaita mai da iska. In bai kai ba, sai ta yi ta zuba mai fiye da kima, man ya wanke bangon silinda, ka yi asarar fetur da ringi a tare.

To, yanzu ga inda nake so ka zuba kaso mafi tsoka: giyar aksil ɗin baya. Motarka tana da aksil mai inci 8.8, kuma daga kamfani lissafin haƙoransa 3.27 ne, ma'ana farfela sai ta juya sau 3.27 kafin taya ta juya sau ɗaya.  Injin 4.6 kuwa ba ya nuna halinsa sai ya ɗaga murya, yana ƙasa-ƙasa kamar mai jin barci yake. In ka mayar da haƙoran 3.73, ƙarfin murɗa da ke isa taya ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari a kowace giya. In 4.10 ka sa, kusan kashi 25. Lura, injin bai ƙara doki ko ɗaya ba, ba a matsa wa fistin ba, ba a ƙara wa ringi wahala ba. Kamar mai keke ne da ya sauko zuwa giya mai sauƙi a gindin tudu. Babu wani abu a wannan farashin da za ka ji shi a jikinka kamar wannan.

Abin da za ka biya shi ne juyin inji a doguwar tafiya. In a da kana tafiya a giya ta biyar inji na juyi 2,000 a minti, da 3.73 zai koma wajen 2,280, da 4.10 kuma 2,500. Mai zai ɗan ƙara tafiya, ƙara ma haka. Masu son tsere sun fi yabon 4.10, kuma ba su yi ƙarya ba, ta fi daɗi a cikin gari. Amma kai mutumin Houston ne, garin da sayen burodi ma sai ka hau babbar hanya, ga injin da ya riga ya tsufa. Ni 3.73 zan zaɓa maka.

Aikin nan ba na kowane bakanike ba ne. Zurfin ƙaramin haƙori da tazarar da ke tsakaninsa da babban ana auna su ne da agogo, a shafa fenti a ga inda suke cizo. In aka kuskure, aksil zai riƙa kuka kamar busa har ranar da za ka sayar da motar. Nemi wanda aikinsa ke nan, ka biya shi kuɗinsa, araha ba ta ado. Tunda an buɗe, a canza boris da sil gaba ɗaya, a kuma sabunta faifan Traction-Lok, wato abin da ke sa tayoyin baya biyu su ja tare. A mil 180,000 da wuya bai cinye ba, shi ya sa wataƙila taya ɗaya ke kartar ƙasa in ka fizga. A zuba man aksil da ɗan ruwan da ake haɗa masa don faifan, sannan ka lallaɓa motar wajen mil 500 na farko kafin ka fara taka ta da gaske.

Bayan canjin, allurar gudu za ta riƙa nuna fiye da abin da kake yi, domin daga bakin giya take ɗaukar lissafi. Ana gyara wannan da ƙaramar na'urar da ake jonawa a ƙasan sitiyari, irin ta SCT, kuma ana samun ta hannu. Ita dai na'urar tana iya sauya lokacin tartsatsin fulogi ta ƙara 'yan dawakai, amma da sharaɗi: in aka saita motar a kan fetur mai lambar okten 93, wato mai jure matsi, to 93 za ka riƙa sha kullum. GT ta waɗannan shekarun ba ta da sansan da ke jin ƙwanƙwasar inji ya ja da baya. Ka zuba 87 a ranar zafi, babu mai ceton fistin ɗinka.

Abin da ya rage na taya ne da ƙafa. Duba gefen tayarka, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara shida ta bushe ko da zanenta na nan, kuma ƙarfin da bai kama kwalta ba hayaƙi ne kawai. Ɗaya daga cikin girman kamfani, 245/45 a kan rim 17, ya wadatar in robar mai kyau ce. Shakazoba da bushin na hannayen baya su ma sun yi shekara ashirin da ɗoriya suna aiki. In ka ji bayan motar na tsalle lokacin fizga, su ne. Akwai kuma wasu ƙarafa biyu da ake walda a ƙarƙashin motar su haɗa firam ɗin gaba da na baya. Gangar Mustang ta wannan zamanin tushenta tun na ƙarshen shekarun 1970 ne, tana murɗewa, kuma ƙarafan nan masu arha suna sa ta zama dunƙule ɗaya. Birki kuwa sabon fad mai kyau da sabon mai sun isa a yanzu. In wata rana ka ci karo da cikakkun kayan birki masu faifan inci 13 na Mustang Cobra ko Mach 1 a filin tsofaffin motoci, irin Pantekarmu ta Kaduna amma ta can, suna hawa motarka.

Sai maganar abokanka. Sufacaja yana aiki, ba musu, zai iya ƙara doki ɗari ko fiye. Amma kuɗinka ko a na hannu da ƙyar su kai, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba: yana buƙatar manyan injekta, famfon mai mai ƙarfi, saiti a kan na'urar gwaji, sannan kulocinka zai fara sulɓi, giyarka ta T-45 ma ba ta son duka. Fistin da kwanrod na GT ba a yi su don matsin iska ba. Da Ford da kanta ta so ɗaura sufacaja a Cobra ta 2003, mai doki 390, sai da ta sa ƙerarrun fistin da kwanrod masu tsada. Kai kuma kana so ka ɗora wa ringin da ya yi mil 180,000 wannan kayan, da kuɗin da in ya fashe ba ka da na gyara. Haka nan kwalbar naitros, wato iskar da ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci: arha a saye, tsada a sakamako.

Indomi kuwa kada ka taɓa shi. Dokar tsaftar iska ta tarayyar Amurka ta hana cire shi daga motar da ke hawa titi, komai shekarunta, kuma abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. In ƙara kake so, kuma wa zai zarge ka, muryar silinda takwas ita ce rabin daɗin motar, to canza salansa daga bayan indomi zuwa ƙarshe. Ka sani dai kunne ka saya wa, ba taya ba. Bututun iska mai sheƙi da ake tallatawa shi ma haka: in yana shaƙar iskar cikin bonet mai zafi, zai iya rage maka ma.

Da ni ne da dala 2,500 ɗin nan, kusan kashi ɗaya cikin uku zai tafi gwaji, sabis da manifol. Wani kashin ɗaya cikin uku, ko sama da haka kaɗan, aksil da na'urar saiti. Ragowar taya da ƙarafan walda, in kuma tayarka sababbi ne, shakazoba. Zan kuma ɓoye dala 200 ko 300 ban taɓa ba, domin ranar da 3.73 ta shiga, tsohon kuloci yakan fara nuna shekarunsa cikin 'yan makonni. In gwajin kwamfureshan ya fito da silinda mai rauni, ka dakata da duk wannan, ka aiko min lambobin takwas ɗin, mu duba ko gyaran tof zai wadatar ko neman wani injin 4.6 na hannu ya fi.