Ku Tambayi Anti: Na Su Wa Ne Manyan Kantunan Nan?

Anti, barka da aiki. Gardama muke da maigidana. Shi ya ce LuLu da Carrefour duk na 'yan Saudiyya ne, ni na ce a'a. Wa ya fi gaskiya? Kuma a wanne zan yi cefanen wata?
Maman Hanifa, Jidda

Ƙanwata, kin ci gardama, amma a hankali za ki faɗa masa. Carrefour ɗan Faransa ne, kamfanin Majid Al Futtaim na Dubai ke tafiyar da rassansa a nan. LuLu kuwa na Yusuff Ali ne, mutumin Kerala ta Indiya, hedkwatarsa a Abu Dhabi. Shi ya sa kayan yajin Indiya suka cika shi. Na gida su ne Panda, Othaim, BinDawood da Danube.

Cefane fa? Ni takardar rangwamen mako nake bi. Buhun basmati da man girki, inda aka sauke nan nake tura amalankena. Ki duba rasit, harajin kashi 15 cikin ɗari na ciki tun 2020.

Kuka da daddawa dai ban taɓa ganinsu a kan kanta ba. Nawa wajen wata Hajiya nake saya, a ƙulle cikin leda.